Fil a Ɗakin Gwaji

Dakta ta ɗaga kwalbar gwajin da yatsu biyu, kamar mai ɗaukar mushen ɓera.

"Wannan ma ta lalace. Ke dai ko ruwa hannunki ya taɓa sai ya yi tsami."

Mataimakiyarta ta sunkuyar da kai. Mai Fil ake ce mata, don kullum gyalenta a soke yake da fil ta ko'ina. Dakta ce ta raɗa mata sunan, ba kuwa don ƙauna ba.

Aikin nasu ba ya son wasa. Haske ake haska wa ruwan sinadarin, sai ƙwayoyinsa su tsage gida biyu, kowane ɓari da ɗan lantarki guda marar abokin zama. Daga nan ko su koma su haɗe, ko su rabu, kamar mata da miji bayan an yi yaji. Mai raba gardamar kuwa ƙarfin maganaɗisu ne, komai ƙanƙantarsa. Shi ya sa waya da makulli da agogo duk a bakin ƙofa ake barinsu.

Abin da ya fi ƙona wa Dakta rai shi ne, in Mai Fil ta auna ita kaɗai, sakamako tsaf yake fitowa. In Dakta ta zo ta tsaya mata a ka, ta leƙa kwalbar da kanta, sai ya karkace. A ganin Dakta, ai ba sai an yi duba ba: ƙarafan gyalen nan ne ke ɓata aikin, in kuma ba idon kowa, matar ta ƙirƙiro lambobi ta rufe ɓarnarta.

"Ranki ya daɗe, wallahi abin da na'ura ta nuna nake rubutawa."

"Na'urar da ko sunanta ba ki iya faɗa daidai ba?" Dakta ta shafa ƙarƙashin haɓarta, inda wani ɗan maɓalli, tsarabar 'yarta, ya kama mayafinta lif, ba tsini ba huda. "Dubi yadda wayayyu ke yafa mayafi. Ke kuwa sai ka ce bushiya."

"Anti, ki dubi Allah. Marayu nake riƙe da su."

"Sai ki je ki soke su da fil. Tuɓe rigar aikin."

Mai Fil ta cire farar rigar. Ta zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zube su a kan teburin.

"Ga su nan, in su ne laifina. Allah ya bayyana gaskiya."

Ta fita tana riƙe da gyalenta da hannu.

Dakta ta ja dogon tsaki. An rabu da ƙaya. Ta jawo sabuwar kwalba, ta sunkuya kamar yadda ta saba.

Sai fil guda ya zabura daga kan teburin, ƙyas, ya manne a jikin ɗan maɓallin maganaɗisun da ke riƙe da mayafinta.