Ranar Kwashe Benci

Tun da doka ta tilasta wa manya sa 'ya'yansu a makarantar gwamnati, gyara yake bin duk inda ɗan babba ya shiga. Makarantar unguwarmu ta samu fanka da benci albarkacin 'yar Kwamishina. Jiya yarinyar ta gama aji shida.

Da safe Uwani mai ƙosai ta rako 'yarta, ta tarar ma'aikata suna loda fankoki a mota. Ta shige aji, ta zauna daram a bencin 'yarta.

"Inna, tashi mana, aiki muke," in ji shugabansu.

"Ɗan nan, ɗauke mu tare."

Kafin azahar, kowane benci da uwa a kansa. Motar ta tafi da fankoki kawai.