Makon Mabry

Ranar Laraba, sau uku mai riga lamba casa'in da bakwai ya afka wa ƙartin da ke kare mai jefa ƙwallo, sau uku suka mayar da shi baya kamar buhun dusa. Koci Ruppert ya busa usur har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Kai! Wannan ne Mabry? Mabryn da na sani ba ya neman izini kafin ya bi ta kan mutum. Kakata ma ta fi ka zafin nama, kuma shekararta goma a ƙasa!"

Duk Amurka, a ƙwallonsu ta ture da kayarwa, babu wanda bai san Otis Mabry ba. Shi ne mai tsaron bayan da uwayen masu jefa ƙwallo ke neman tsari da shi a coci. Kafin ya zabura sai ya daki ƙasa sau biyu da hannun hagu, ya kira sunan abokin karawarsa a hankali, sannan ya murƙushe shi. To yau dai dukan ƙasar kawai aka gani.

Da aka tashi atisaye, kocin ya ja mai lamba casa'in da bakwai gefe. "Yaro, akwai ɗan shekara ashirin da biyu da ke jiran kabad ɗinka. In Juma'a ta zo ban ga Mabry a filin nan ba, ka kawo mini littafin dabarunka."

A sana'ar nan ba a cewa an kori mutum, littafi ake nema a hannunsa cikin ladabi. Shi kuwa shekarunsa talatin da ɗaya, gwiwar dama sau biyu ana yi mata aiki, matarsa Lorene na da cikin wata bakwai, kuma inshorar asibitinsu a jikin aikin nan take. 

Bai wuce gida ba. Ya shige ɗakin kallo ya kunna wasannin bara, yana mayar da hoto baya yana sakewa, yana duba inda ƙafa ke sauka da yadda kafaɗa ke karkata. Sai da kofinsa ya huce sau biyu sannan ya gano abin da ya ɓace masa: duk lokacin da Mabryn cikin hoton zai kutsa ta tsakiya, sai ya ɗan ja ƙafar dama baya, bai fi taƙi guda ba.

A gida ya ci haƙarƙarin da Lorene ta gasa yana muzurai, ya kira sunanta a hankali kafin ya ce ta miƙo gishiri. Ta ajiye cokali.

"Ka ga, mai gida, ni ba ƙwallo nake jefawa ba. Mijina na makon jiya ya fi, shi ko kwano yana wankewa."

Ranar Alhamis ya keta layin ƙartin sau biyu. Ranar Juma'a kuwa ya watsar da Hollis, ƙaton da sai an haɗa masa kujera biyu a jirgi, ya isa gaban Tanner mai jefa ƙwallo. Tanner na sanye da jar rigar atisaye, wadda ko ƙuda bai isa ya sauka a kanta ba, don haka ya ci birki dab da hancinsa ya raɗa sunansa. Yaron ya saki ƙwallon a ƙasa. Bayan nan kuma, maimakon ya riƙe sirrinsa, sai ya kama hannun Hollis ya ɗaga shi, ya nuna masa zancen ƙafar dama har sau biyar.

Koci Ruppert ba ya yabon ɗan kuturu da wuri. "To, na ga Mabry. Amma wasan Lahadi ne alƙali. Abin da Mabry ya yi ranar, shi zai yanke maka hukunci."

Lahadi ta zo da mutum dubu saba'in da sanyi mai tsinke hanci. Mabry ya daki ƙasa sau biyu, ya zabura, aka tare shi. Ya sake, aka sake. Duk inda ya nufa sai ya tarar ana jiransa kamar ya aiko da takardar sanarwa. Aka gama wasa bai taɓa ko gefen rigar mai jefa ƙwallo ba. Masu sharhin talabijin, waɗanda jiya suke rantsuwa da shi, suka ce dama su sun daɗe da ganin ya tsufa. Mabry ya cire hular kwanonsa ya maka ta da ƙasa.

Jama'a na watsewa Koci Ruppert ya ratso filin, fuska ba annuri kamar kullum, da riga a naɗe a hammata. Ya nufi bayan benci, ya tsaya gaban mutumin da ya wuni can cikin rigar sanyi yana cizon farce, ya jefa masa ita. Lamba hamsin da biyu ce.

"Mabry ya tafi kama jirgin garinsu. Laraba kai ne Delacroix, dodon waɗanda za mu kara da su Lahadi mai zuwa. Ka rage kilo biyu."

Cedric Pettaway, wanda ya yi makon nan cikin lamba casa'in da bakwai yana zama Mabry a atisaye, ya rungume rigar, hawayen daɗi na zubo masa. Shekara tara ke nan aikinsa kwaikwayon dodon abokan hamayya a filin atisaye, ya zama manyan mutane sun fi ɗari, kuma bai taɓa buga wasa ko na minti ɗaya da sunansa ba.