Baƙin Malam-buɗe-littafi a Gidan Kawu

Kwanana uku da zuwa birnin Omdurman na Sudan daga Kano, kullum sai na ga wasu malam-buɗe-littafi da ban san irinsu ba, sun yi cincirindo a wuri ɗaya a tsakar gidan Kawu Zailani.

Kawu bai ko kula ba. Tun da ya dawo daga gudun hijira yake cigiyar ɗansa Husam, wanda ya tsaya gadin gidan lokacin yaƙi.

Na tura hoton malam-buɗe-littafin ga Mayada, maƙwabciyar Kawu da ta karanci ilimin ƙwari a jami'a.

Nan take ta kira ni. "Ya Ruƙayya, irin waɗannan ruɓaɓɓen abu suke bi. Me aka binne a wurin?"

Na waiga. Daidai wurin Kawu yake shimfiɗa darduma, zai roƙi Allah ya dawo masa da Husam.