Shuɗin Mayafin da Aka Dawo da Shi

Matso, ɗan'uwa, in buga maka wani misali tun mahaifiyarka tana da rai.

An yi wani kafinta, ɗan fari ne a wurin uwarsa. Ka san yadda abin yake a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta buɗe baki ta ce ya sayo mata ko da allura. "Wancan yaron" take ce masa, har gemu ya fito masa. Shi ma a haka ya tashi. Hatsi yana kawowa, magani yana kawowa, amma komai ta hannun matarsa yake bi, sai ya ajiye ya ce a miƙa wa Inna. Su uku ne a gidan, kuma wuri ɗaya ke haɗa su, gaban talabijin, ranar da ake nuna wani shirin soyayya mai dogon zango. Matar a kan kujera, shi a bakin ƙofa yana kakkaɓe garin katako daga wandonsa, Inna can gefe a kan tabarma da carbi a hannu, wai ita ba kallo take yi ba, iskar fanka ta zo sha.

Saurayin cikin shirin ba ya zuwa zance hannu rabbana. Yau turare, gobe agogo. Rannan sai ya kawo wa budurwar wani mayafi shuɗi mai zaren azurfa a baki. Carbin Inna ya tsaya cak. Ta ce, kamar da bango take magana, "Kai, wannan shuɗi." Kafinta ya ji, amma abin da ya ɗauka kawai shi ne mayafin ya yi kyau, kuma a shirin ai masoyiya ake kai wa irinsa. Ya zaga kasuwa har ya samo shi, ya kawo wa matarsa. Da murnarta ta yafa, ta fito tsakar gida. Inna na tsince shinkafa. Ta ɗaga kai ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "A kashe lafiya," ta mayar da ido kan faranti.

Ƙanwar Inna ce da ta zo wuni ta ga mayafin a kan igiya, ta ja matar gefe ta faɗa mata. Irinsa sak ne a saman lefen Inna. Inna ta sayar da nata shekarar da ƙyanda ta kwantar da ɗan farin nan yana goye, aka sai magani, kuma tun daga nan ba ta sake mallakar shuɗi ba. Matar ta ninke mayafin ta tura ƙasan akwati. Ba za ta iya yafawa ba, ba kuma za ta iya kai wa suruka abin da ta riga ta sa a jikinta ba, don hakan kamar cewa ne, "Na ga idonki a kai." Da mijin ya tambaye ta ina mayafin, ta gaya masa. Ya zauna a bakin gado. To ta yaya ɗan fari zai tsaya gaban uwarsa da kyautar da suka gani tare saurayi ya ba budurwa? Sai ya yanke cewa zai bari Sallah ta zo, ya sayo wani, ya cusa shi cikin kayan Sallar gida, ya shige ba wanda ya ji kunya.

Shirin kuwa bai tsaya jiransa ba. Duk ranar da saurayin nan ya fito da leda a hannu, sai ɗakin ya yi nauyi. Matar ta tashi duba tukunyar da ba ta tafasa ba. Shi ya kama duba ƙusar kujera. Inna ta dinga jan carbi da sauri, har ana jin ƙarar 'ya'yansa. Kowa ya sani, kowa ya san kowa ya sani, ba mai cewa uffan. Daga baya Inna ta daina shigowa, ta ce fankar tana sa mata tari.

Ashe tarin na gaske ne. Azumi bai kai rabi ba, wata safiya aka tarar ta cika a kan abin sallarta. Kafinta ya tafi kasuwa, shagon nan dai da ya sayi mayafin, shuɗayen mayafai na reto a saman kansa, ya ce a yanko masa farin yadi. Shi ne tufa na farko da ya taɓa zaɓar wa uwarsa da hannunsa. Da aka gama suturta ta za a fita, matar ta fito da gudu daga ɗaki, ta shimfiɗa shuɗin mayafin a kan makara. Mayafin ya raka Inna har bakin kabari, zaren azurfar yana ƙyalli a rana. A can aka yaye shi, domin ba a shiga da shi. Wani dattijo ya kakkaɓe jar ƙasar da ta taɓa shi, ya ninke, ya miƙo wa kafinta, ya ce, "Ungo, naku ne."

Haka ya dawo gida da shi a hammata.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.