Ana Neman Jini

"Babu irin jinin 'yarku a asibitin nan," in ji likita. "A nemo yanzu."

Baban Auta ya karɓi wayar matarsa. Da tasa ba zai yiwu ba, don shi ne mai wanke ministan lafiya a intanet. Ya ɗauki hoton 'yarsu, ya rubuta roƙo, ya saki.

"Baban Auta, an samu?" matar ta tambaya.

Amsoshi ne ke ta zubowa a ƙarƙashin roƙon. "Tsohon hoto ne." "'Yan adawa, ku ji tsoron Allah!"

Ya san kowace kalma, shi ya tsara su. Ya kira shugaban yaran da ya ɗauka don ƙaryata masu ƙorafi.

"Maigida, kwantar da hankalinka," yaron ya ce yana dariya. "Matar nan mai neman jini? Mun gama da ita. Ko mutum ɗaya ba zai je ba."