Yatsan Kaka a Kan Tsagata

Tsagar gado da wanzami ya yi mini a kumatu ba ta warke kamar ta 'yan uwana ba. Gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ga ƙaiƙayi. Wata la'asar Kakana ya taso daga gonar tumatir, ko hannu bai wanke ba, ya kai ni asibiti a Kura.

Likita ya ce allura za a riƙa yi mini a cikin tabon har ya kwanta.

Kaka ya ƙura masa ido. "Ya kwanta ko ya ɓace? Ai na san ku 'yan boko ba kwa ƙaunar tsaga."

"Baba, kumburin kawai za mu rage."

Bai yarda ba. Ya danne sauran tsagar da babban yatsansa, ya ce, "Iyakarka ke nan. Kada ka tsallake."

Allurar ta yi zafi, amma ƙanshin ganyen tumatir na yatsan nan na fi tunawa.

Tabon ya kwanta, tsagar tana nan. 'Ya'yana kuwa ban bari an tsaga ko ɗaya ba. Shi ya sa in na ji ƙanshin nan yanzu, sai in ji kamar ni Kaka yake harara.