Ba a Amsa Kiran Matacce

Famfon ɗakin Fourera bai taɓa ba da ko ɗigon ruwa ba, amma da azahar, in gari ya yi tsit, yakan yi magana.

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sai shiru. Sai wani gunaguni kamar na mai magana cikin tulu, ba a tsintar komai a ciki sai wutsiyar sunanta: "...reraaa."

A shekarun nan kuɗin fetur ya sa wa garin Sabha na Libiya haukar gini. Mijin Fourera, Chékaraou, mutumin Tasawa, magini ne kuma mai gadi a wani bene da ba a gama ba a unguwar Manshiya. Balaraben da ke da gidan ya ba su ɗaki ɗaya a ƙasa. Ba ƙofa sai labule. An ja bututu, an gina ma'ajiyar ruwa da suke kira hazzan a ƙarƙashin tsakar gida, ruwan gari ne dai bai iso ba.

Ranar da ya ɓace, Fourera ta je suna unguwar Mahdiya. Ta dawo ta tarar kamiyo, babbar motar kaya, ya juye tulin bulo a tsakar gida, sai da ta raɓa bango ta wuce. Ga takalmansa a bakin ɗaki, shi babu. Balaraben mai gidan ya tafi Tarabulus, aiki ya tsaya. Zuwa wurin shurɗa, 'yan sandan ƙasar, kuwa bai taso ba, don wanda ba shi da takarda in ya kai ƙara, shi ake fara riƙewa.

Sai ga labari wai wata mota ta kife da leburori a hanyar Wadi Bawanis, an binne su ba suna. Matan unguwa suka ce a nemi masu sani. Masu sani kuwa, kowa da ƙofar da ake shigo masa.

Malam Sallaou mai bugun ƙasa da ido yake karɓa. Ya share yashi a faranti, ya ɗiga, ya goge, ya sake ɗigawa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗiyata, haƙuri. Ƙasa na bisa kansa. Duhu gaba, duhu baya."

Kafin ya rufe baki mata sun ɗora hannu a ka.

Hajjo 'yar bori ba da ido take karɓa ba, ba a kuma yi mata magana a kunne. Jikinta ake ara. Cikin zafin yankin Fezzan da ke dafa ƙwai, ta kama makyarkyata har haƙoranta na haɗuwa, tana murza ƙafafu tana cewa sanyi, tana riƙe ciki tana cewa yunwa. Mata suka ce ai wannan ba ya son fassara, mamaci sadaka yake nema. Aka toya masa ta sadaka, aka raba wa leburorin maƙwabta. Suka hau kan tulin bulon nan suka cinye, suka shafa fatiha.

Ta ukun, tsohuwa Saoudé, makauniya ce, tata baiwar a kunne take. Ita har ɗakin aka kawo ta. Ta lalubi famfon, ta kara kunne, ta ja da baya da sauri.

"Na ji shi sarai. Shi ne, ke yake kira." Ta laluba ta dafa cikin Fourera, wanda ya fara turo zane. "Ki ji ni da kyau. Ba a amsa kiran matacce. Wanda ya ce na'am, binsa yake. In ba ki tausayin kanki, ki tausaya ma wanga."

Baki uku sun haɗu, wa zai ja? Aka yi masa salla daga nesa, Fourera ta shiga takaba.

Mai takaba ba ta yawo. To ina ma za ta? Gida Nijar hamada ce tsakani, waje shurɗa, ciki famfo. Ta zauna kan tabarma tsakanin bango huɗu, ita da muryar mutumin da ta bar uwa da uba ta biyo. Tana sonsa, kuma yanzu ba abin da take tsoro a duniya kamarsa.

Kullum azahar sai ya buga. Wata rana kiran ya zo da wani irin marairaicewa, irin wanda yakan yi in zazzaɓi ya kwantar da shi yana son ta dama masa fura. Bakinta ya buɗe da kansa. "Na..." Ta cusa hannu ta ciza har jini ya fito. Da ta samu kanta, ta kwance ɗankwali ta toshe bakin famfon, ta juya masa baya tana kuka tana cewa ya yafe mata.

Bugun ya riƙa raguwa. Yau uku, gobe biyu, jibi ɗaya da kyar. Mata suka ce alhamdu lillahi, sadaka ta karɓu, ya fara samun kwanciya. Wata safiya ta cire ɗankwalin ta kasa kunne har la'asar, ba ta ji komai ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta ji kunyar sauƙin da ta samu.

Washegari mai gidan ya dawo daga Tarabulus yana faɗa a kan aikin da ya kwanta. Leburori suka hau kwasar bulo. Fourera na bayan labule tana jin su, har ƙarar ta koma ta ƙarfe. Murfin hazzan ne, wanda tulin ya danne tun ranar sunan.

Wanda ya leƙa ya yi salati. Aka zura igiya, aka fito da Chékaraou, ba takalmi, ƙafafunsa sun yi fari fat don zama cikin guntun ruwan da aka zuba don gwada hazzan, cokalin yaɓen da ya shiga aiki da shi a damƙe a hannunsa, bakin cokalin ya lanƙwashe don bugun bututu. Wani dattijo ya durƙusa zai rufe masa ido, sai ya janye hannu da sauri, don jikin da sauran ɗumi.